Shekarar da Na Sare Inuwar Gidanmu

Azumin bana ya sake faɗowa tsakiyar bazara, irin zafin da tun hantsi miyau ke ƙafewa a baki, ƙofar kwano kuwa sai ka naɗe hannu da gefen zane kafin ka tura ta. Cikin wannan zafin ne rumfata ta ƙofar gida a nan Kalgo ta durƙusa. Ba iska ce ta kayar da ita ba, gara ce ta cinye gindin dirkokin a ɓoye. Ina ɗaki da azahar na ji ƙarar karyewar kara, na fito na tarar ta zauna a kan kwandunan albasa da tattasai kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa. A ƙarƙashinta nake sayar da kayan miya tun kafin a kawo jami'a garin nan, tun ana tsayawa a ƙofata a hango gonaki.

Kafin in gama tsince tumatir daga cikin kara labari ya kai wa 'ya'yana. Bello yana nan cikin gari, shi ya fara zuwa. Uwani, babbarsu, ta taso daga gidan mijinta a Gwandu. Faruku autana ya zo daga Sakkwato da manyan kankana a bayan mota, kuma da ganin kankanar na san akwai magana. Bayan mun sha ruwa Bello ya yi gyaran murya. Wai sun zauna sun duba, ba sai an sake kafa rumfa ba. Wai gwiwoyina sun gaji, rana ta yi yawa, kuma mutane za su ce sun bar uwarsu tana kasa albasa a bakin hanya. Abin da suka tsara shi ne in yi 'yan watanni wajen Uwani, in dawo wajen Bello, daga nan in wuce Sakkwato inda akwai fanka da ruwan sanyi. Gidan kuwa a zuba 'yan jami'a haya. Sun gama komai tsaf, har da wanda zai fara ɗaukata.

Na ci gaba da shan kununa. Amma ba ƙamshin tsamiya nake ji a hancina ba. Hayaƙin ɗanyen dogon yaro nake ji, na wata bazarar da biyu daga cikinsu ba za su iya tunawa ba.

A Gwandu muke a lokacin, ana ce da mu jihar Sakkwato tukuna. Mai gidana, Malam, manomin albasa ne a fadama. Ya dasa ta da sanyi, ya yi ta ban ruwa da jigo har ta fara yin kai, sai ciwon ciki ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Ya bar ni da uku: Uwani ta fara iya daka, Bello yana yawo ba wando, Faruku yana bayana. Damina ta yi mana rowa a shekarar da ta wuce, geron da ke rumbu ko noman fari ba zai kai mu ba. Malam ya san haka, shi ya sa ya ce a bana ba zai fitar da albasarsa lokacin da kowa ke fitarwa ba, lokacin da masu saye ke taɓa buhu da ƙafa suna yatsina. Zai ajiye ta har tsakiyar damina, sa'ad da ta yi wuya a kasuwa, mu riƙa musanya ta da hatsi har mu ga kaka. Tsohuwar rumfar ajiya ta faɗi tun ruwan ƙarshe, ya ce in an tone albasa zai kira gayya a shiga daji a saro kirya. Gayyar da bai kira ba ke nan.

Ba zan ci haƙƙin yayansa ba. Yaya Dikko ya tara mutane suka tone albasar, aka kawo ta a kan jakuna aka jibge a tsakar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Ina cikin takaba, ba fita, ba ado, ba ɗaga murya. Mahaifiyar su Malam, Inna, ta baro gidan Yaya ta dawo wajena don ta taya ni zama, kamar yadda ake yi. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa kallon tsakar idonta ba. Gaisuwa ce tsakaninmu, ina durƙushe, kaina a ƙasa.

Azumi ya kama, sai ga Yaya Dikko wata la'asar. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin Inna yana yi mata magana, amma da muryar da ya san za ta iso ni. Ya riga ya yi magana da mai mota, za a kwashe albasar kafin ta lalace, a raba gado. In na gama takaba in koma gidanmu Kalgo da na goye har in yaye shi. Bello ya dawo gidansa cikin 'ya'yansa. Uwani kuma a kai ta Dangoma wajen gwaggonta, da ma tana neman mai taya ta aiki.

"Inna, macce ɗaya ba ta riƙe gida da ɗiya ukku cikin shekarag ga," in ji shi. "A raba su, kowa shi samu inda za shi ci."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Daga cikin ɗaki, ta bayan asabari, na ce, "Yaya, ina numfashi ba a raba min ɗiya."

Matar ƙane ba ta mayar wa yayan miji magana, balle mai takaba, balle a gaban uwarsa. Na jira Inna ta tsawata mini. Sai na ji ta ce, a hankali, ita ma ai tana da rabo cikin albasar nan tun da ɗanta ne ya mutu, kuma ita ba ta sayar ba. In yana so, ya shiga tulin ya nuna mata wadda take tata, sai ya kwashe saura. Yaya ba mai sa-in-sa da uwarsa ba ne. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce to mu ajiye, amma shi ba zai kira gayya ba. Ba zai tura mutane daji da bakin azumi a kan abin da ya san ruwan farko zai ruɓar ba. In ta ruɓe, maganarsa tana nan.

Wannan kuwa ya ɗaure mu fiye da in ya yi faɗa. Saran itacen gini aikin maza ne, gayya kuma babban gida ke kiranta. Tun da Dikko ya ce a'a, ba namijin da zai tsallake shi ya ɗauki gatari saboda mu, ko da yana tausayinmu. Ni kuma ko zaure ba na ƙetarewa. Albasa ba ta son abu biyu, rana a kanta da damshi a ƙarƙashinta. Tana son a ɗaga ta daga ƙasa iska ta riƙa bi ta ƙasanta, a rufa mata sama yadda ko ɗigo ba zai same ta ba. A jibge kamar yadda take ta fara gumi, in na tura hannu cikin tulin sai in ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Da yamma kuma gabas ta fara haɗa gira, ana walƙiya can nesa ba ƙara.

Wata azahar ina kwance a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaron, ƙishi ya hana ni barci, ina kallon sama ba don komai ba. Malam ne ya dasa itacen shekarar da aka kawo ni, yana yi masa aski duk shekara, shi ya sa rassansa suka tashi a miƙe. Sai na ga abin da kullum yake gabana ban gani ba: ga dirkoki nan a tsaye a sama, kowace da gwafarta, ga na gicciye dogaye. Dajin da aka hana ni ashe yana tsakar gidana. Amma ita ce inuwa ɗaya tak da muke da ita. A nan yara ke wuni, a nan Inna ke kaɗi, a nan Malam ke shan fura in ya dawo daga fadama. Sare ta a tsakiyar bazara, da azumi, ba aikin mai hankali ba ne, kuma na san haka sarai.

Na je na durƙusa gefen Inna, na faɗa mata ina kallon ƙasa. Na ɗaga ido kaɗan na ga ta ɗaga kai tana bin rassan ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa.

"Wancan reshen na gabas ya hi kyau," ta ce. "Hwara da shi."

Da aka yi sallar asuba na kwance Faruku na miƙa mata, na ɗaure zanen takaba ta tsakanin ƙafafu, na rataya gatarin Malam a kafaɗa na hau. Faskare na saba yi a ƙasa, ƙafa biyu a kafe. Sara a sama wani abu ne daban, hannu ɗaya na riƙe da rai, ɗaya na aiki. Ɓaraguzan itace suna faɗo mini a fuska, ɗacinsu a leɓe, ina ta tofarwa don kada ya wuce mini da azumi. Kafin rana ta ɗaga tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Reshen farko ya yi ƙara ya tafi, ya faɗa kan danga ya kwantar da ita, sai ga ni a fili a idon unguwa: mai takaba a kan itace da gatari. Na ga kawuna suna leƙowa ta kan zana. Ban sauko ba, na matsa reshe na biyu.

Kafin azahar magana ta zaga gari, wai baƙin ciki ya taɓa matar marigayi. Wani dattijon unguwa ya aiko matarsa ta tuna mini cewa mai takaba a gida aka ce ta zauna. Na ce ta gaishe shi da kyau, ta kuma faɗa masa itacen a cikin gida yake, ban fita ba.

Washegari sai ga Ige, maƙwabciyata, ta shigo da lulluɓi har ƙasa tana sallama da muryar ta'aziyya, da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata. Ta warware tabarmar, sai ga dagi, ƙarfen haƙa rami na mijinta. Ta ce masa za ta zo yi mini gaisuwa, kuma wane namiji ne zai hana matarsa zuwa gidan mutuwa? Kashegari ta sake zuwa gaisuwa, da ƙanwarta. Daga nan wata ta zo da igiyar kaba a ƙarƙashin mayafi, wata da adda a cikin kwando an rufe da ganyen rama. Su shigo su ce ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'abucinsa, mu shafa fatiha, sai kowa ta tuɓe mayafi ta ɗaure ƙugu. Ban san ko a tarihin Gwandu an taɓa yi wa mamaci doguwar ta'aziyya irin ta Malam ba. Mazan sun sani, ba yara ba ne. Amma gayya aka hana, ba a hana gaisuwa ba, kowa ya kau da kai.

Ƙasar ta bushe ta yi tauri, in an buga dagi sai ya yi tsalle ya girgiza mutum har haƙori. Sai an jiƙa, ruwa kuwa rijiya ta ja baya, guga na dawowa rabi da laka. Muka daina zubar da ko ɗigo. Ruwan alwala, ruwan wanke tukunya, ruwan da aka yi wa Faruku wanka, duk cikin ramukan suke tafiya. A bari ya tsuma, a haƙa kaɗan, a kwashe da sakaina, a sake zubawa. Inna ta ce ba rami ba ne sai hannu ya nutse har hammata, kuma ita ke bi tana aunawa da nata hannun. In ta ce saura, ba mai musu.

Kafin a kafa, muka hura wuta muka ƙona gindin kowace dirka har ya yi baƙi, saboda gara, muka zuba toka a ramin. Ɗanyen dogon yaro ba ya son wuta. Ya yi ta tsartuwa yana fitar da kumfa da wani hayaƙi mai ɗaci da ke shiga maƙogwaro ya zauna. Ga rana a tsaye a kanmu, don inuwar da za mu gudu cikinta ita ce muke ƙonawa. Muka tsayar da dirkokin, muka cika ramuka, muka kirɓe ƙasar da taɓarya kamar muna daka sakwara.

Ɗora na gicciye shi ya fi ba mu wuya. Ɗanyen itace nauyi gare shi kamar gawa. Muka kife turame muka hau, kowa da gammo a ka, aka ɗaga mana shi. Ni ina wannan gefe, sai na ga wadda ta tallafo ɗaya gefen Inna ce, tsohuwa da azumi a bakinta, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Dole in kalle ta don mu saki tare. Ranar na fara ganin idon surukata, ashe irin na Malam ne sak, har da ɗan jan nan na gefe. Ta daka mini tsawa ta ce in bar kallonta in ɗaga. Itacen ya faɗa cikin gwafa ya zauna daram, Ige ta fara guɗa ta tuna gidan takaba ne ta toshe bakinta da hannu.

A ƙasa muka kafa gajerun gwafanni muka shimfiɗa kara a kai, ya zama gado mai tsayin gwiwa, wanda muke kira rudu. Saura rufi, kuma a nan muka tsaya cik. Ciyawar rufi ba a samunta da bazara, wanda ya tanada kuma ba zai bayar ba ruwa na tafe. Muna tsaye muna kallon ƙashin rumfa ba riga, sai Inna ta juya ta dubi ɗakin Malam. Tun ranar da aka fitar da shi ba wanda ya shiga. Bara ya yi masa sabon rufi da hannunsa, ciyawar ko baƙi ba ta yi ba. Na gane abin da take nufi, na ce a'a, wannan kam ba zan iya ba.

"Mai ɗakin ya samu wani ɗaki," ta ce. "Ku kwance."

Ita ta fara zare igiyar farko. Ni na hau na riƙa miƙo ciyawar dami-dami, ina kuka ba na ɓoyewa. Ta ramin da na buɗe ina hango buzunsa da butarsa da takalmansa a inda ya bar su, rana ta faɗa a kansu. Na yi fushi ranar, fushi na gaske. Na yi fushi da Dikko, da garin, da rana, har da Malam da ya tafi ya bar ni ina yaye masa ɗaki.

Muka rufa, muka ɗaure, muka kwashe albasar muka baza a kan rudu, muna ware duk wadda ta yi laushi. Sai muka zauna da abin da muka jawo wa kanmu. Gidan ya zama fili fetal, kututturen dogon yaro a tsaye a tsakiya da guntayen hannuwa. Ƙasa ta yi zafin da yara ba sa iya takawa. Ƙuraje suka feso wa Faruku a wuya da baya, nonona ya ja baya, yana tsotsa yana kuka. Da rana mukan cusa yaran ƙarƙashin rudu su kwanta a ƙasan albasa, mu kuma mu raɓe a gefen rumfar muna bin 'yar inuwarta tana juyawa. Da magariba kunun tsamiya ne tsararo, sai tuwo kaɗan da miyar gabu, busasshen ganyen albasar nan dai. Inna takan ce ta ƙoshi tun ba ta ci ba, ta tura wa Bello kwanonta.

Ana jibi sallah Yaya Dikko ya shigo gaishe da uwarsa. Ya tsaya ya dubi kututturen, ya dubi ɗakin ƙanensa ba rufi. Ya je ya kama dirka ɗaya ya girgiza, ba ta motsa ba. Ya ja igiyar ɗauri da yatsa.

"Ɗanyen icce na," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Shina bushewa shi rame, igiya ta saki. Iskar farko ta ɗauke rufin ga awa faifai."

Don ya ƙona mini rai ya faɗa, ya kuwa ƙona. Amma bayan ya fita na je na ja igiyar, na ji ta fara sakwarkwacewa, gaskiya ya faɗa. Daga ranar kowace safiya sai na bi ɗauri ɗaya bayan ɗaya, in kwance, in jiƙa kabar, in sake ɗaurewa ina taka dirka da ƙafa ina ja. Itace na ramewa ina binsa. Na kuma rataya igiyoyi a jikin na gicciye suna lilo, Ige ta tambaye ni na mene ne, na ce ta bari dai.

Bayan sallah da 'yan kwanaki hadarin ya zo, da la'asar. Iska ta ɗauke ɗif tun azahar, kaji suka buɗe baki, ko ganye ba ya motsi. Sai gabas ta yi baƙi ƙirin da ja a gindinta. Na tura yaran ɗaki na ce Uwani ta riƙe ƙofa. Iskar ta iso da ƙarfinta, ta kwashe kwanoni da tabarmi, na ga rufin rumfar ya ɗaga gefe ɗaya ya koma, ya sake ɗagawa kamar yana numfashi. Na mirgino babban turmi na ɗaure a igiyar farko. Ige ta haura ta inda danga ta faɗi, ba mayafi ba takalmi, muka ɗaure ƙaramin turmi, muka ɗaure dutsen niƙa da ɗansa, muka cika tulu da ƙasa muka rataya. Igiya ta ƙare, gefen gabas bai samu nauyi ba, sai na yi tsalle na kama na gicciyen da hannu biyu na saki jikina. Inna ta zauna dirshan a ƙasa ta rungume dirkar gabas tana salati da ƙarfi. Iska na ɗaga ni ƙafafuna na barin ƙasa, ina ce mata a raina sai dai ki tafi da ni.

Sai ruwan ya sauko, manyan ɗigo masu zafin duka, ƙamshin ƙasa ya tashi. Iska ta faɗi. Na saki itacen, hannuwana sun ƙi miƙewa. Kusurwa ɗaya ta yaye, albasar wajen ta jiƙe, dirkar gabas ta karkata duk da rungumar Inna. Sauran rufin yana nan, ruwa na gangarowa ta bakin ciyawa yana zuba nesa da rudu, turame na lilo a ƙarƙashi.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba sai ga Yaya Dikko, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ko sallama bai yi ba. Ya wuce mu ya sunkuya cikin rumfar, ya tura hannu cikin albasa har gwiwar hannu. Muna jin ɓawonta yana ƙaras-ƙaras, a bushe. Ya zaro ɗaya ya juya ta, ya mayar. Ya dubi turame da dutsen niƙa, ya dubi uwarsa zaune cikin laka. Sannan ya ce dirkar gabas ta karkata, a ba shi dagi ya gyara.

Na ce, "Bar ta haka, Yaya. Kowa ya shigo ya gan ta shi san ba namiji ya kahwa ta ba."

Inna ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko sanyi. Ya juya ya fita. Da safe muka tarar da dami biyu na sabuwar ciyawa a zaure, ba wanda ya ce shi ya kawo. Wannan kam na karɓa na toshe kusurwar, ina da fushi amma ba ni da wauta.

Ba duka ta tsira ba. Duk daminar nan aikina ke nan, in bi rudu ina shinshinawa, in zaro ruɓaɓɓiya kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. Warin ya kama tufafinmu da gashinmu, yaran unguwa suna kiran su Bello 'ya'yan albasa. Amma da gero ya ƙare a rumbuna, lokacin da hatsi ke gona kore shar, ciki kuwa ba komai, albasa ta ɓace a kasuwa. Mata suka fara sallama da ƙwaryar gero ko dawa a ƙarƙashin mayafi, su tafi da albasa. Daga baya har mai motar nan ya zo da kansa, wannan karon bai taɓa komai da ƙafa ba. Ba mu ƙoshi ba, amma ba mu kwana da wuta a mace ba. Na fita takaba, babana ya aiko daga Kalgo a ɗauke ni, na ce a gaishe shi, sai bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce, ba wanda ya sake ta da maganar Dangoma. Kututturen kuwa tun ruwa na uku ya fara tofo, kafin shekara ta zagayo yara sun samu inda za su zauna. Kalgo na dawo daga baya, da ƙafata, bayan Inna ta rasu a hannuna kuma na aurar da Uwani.

Na ajiye kofin kunun na dube su. Bello da furfura a gemu, Faruku da makullin mota a hannu, Uwani da ta yi jika. Ita kaɗai ta ƙi haɗa ido da ni tun da aka fara maganar, don ita ce ta riƙe ƙofa ranar hadarin. Na san don ƙauna suka tsara abin da suka tsara. Dikko ma ai ba don ƙiyayya ya tsara nasa ba.

Na ce, "Sadda kuke ƙanana anka ce a raba ku gida ukku, na ƙiya. Yanzu da kunka girma, ni za ku raba gida ukku?"

Faruku ya sa makullin a aljihu. Can Bello ya ce, murya ƙasa-ƙasa, to in rumfar nake so, gobe zai kira mai walda a yi ta ƙarfe da kwano, wadda gara ba ta ci. Na ce kwano dafa albasa yake yi, ya bar kuɗinsa. Akwai dogon yaro a bayan ɗakina, ni na dasa shi shekarar da na dawo, kuma ban taɓa fasa yi masa aski ba. Uwani ta share ido da gefen mayafi ta ce ita za ta ƙona gindin dirkokin, ta san yadda ake yi.

Da aka yi sallar asuba Bello ya naɗe ƙafar wando ya hau, Faruku ya miƙa masa gatari. Gwiwoyina ba sa kai ni sama yanzu, wannan gaskiyarsu ce. Na sa aka kife mini turmi a gindin itacen na zauna, na ɗaga kai na bi rassan ɗaya bayan ɗaya. Bello ya leƙo ta cikin ganye ya ce, Inna, wanne?

Na ce, "Wancan na gabas ya hi kyau. Hwara da shi."